Manuni: Tarihin Adireshi a Cikin Kwamfuta

Ma'adanar kwamfuta jerin ɗakuna ce, kowane ɗaki da lambarsa, kuma lambar nan ita ake kira adireshi. Manuni kuwa ɗaki ne da ba a zuba masa kaya ba, sai adireshin wani ɗakin. Aikinsa irin na dillali ne: ba ya ɗauke da buhu a ka, amma ya san shagon da buhun yake. Ɗalibi ya lura da ginin kalmar: daga "nuna" ta fito, kamar yadda "mabuɗi" ya fito daga "buɗe".

A shekarar 1955, a birnin Kiyef na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Kateryna Yushchenko ta tsara wani harshen umartar kwamfuta wanda a cikinsa adireshi kan kai mutum ga wani adireshin. Labarinta bai bazu a ƙasashen Yamma ba, shi ya sa aka fi jingina ƙirƙirar manuni ga Harold Lawson, wanda ya shigar da shi harshen PL/I na kamfanin IBM a 1964. A ganina an tauye wa matar haƙƙinta.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs ta Amurka a 1972, shi ya miƙa wa kowa wannan wuƙa. A cikinsa ana iya ƙara ɗaya a kan manuni ya matsa zuwa kaya na gaba, kuma maimakon a kwafe bayanai masu yawa, adireshinsu kawai ake miƙawa. Nan saurinsa yake. Sai dai C ba ya tambayar ko ɗakin da ka nufa naka ne. A watan Nuwamba na 1988, muguwar manhajar da ɗalibi Robert Morris ya saki ta bi ta wannan kafa: ta cika wurin ajiya har ya tumbatsa, ta shafe adireshin da na'ura za ta koma, ta kuma durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet.

Akwai kuma manunin da ba ya nuna ko'ina. Baturen Ingila Tony Hoare ya sanya shi a harshen ALGOL W a 1965, don kawai yin hakan na da sauƙi. Duk manhajar da ta bi shi ba tare da dubawa ba, sai ta ruguje. A 2009, a wani taro a Landan, Hoare ya nemi afuwa, yana mai ƙiyasta ɓarnar da dala biliyan ɗaya.