Mai Ƙasa da Baƙo: Kwatanta Tattalin Arzikin Mangawa Masu Gishiri da Fataken Hausawa a Ƙasar Muniyo

1.0 Gabatarwa

Akwai wata amsa da aka saba ji idan an tambayi dalilin da ya sa al'ummomi biyu da ke cin kasuwa ɗaya suka bambanta a arziki. Sai a ce waɗannan ƴan kasuwa ne tun asali, waɗancan kuwa ba su da dabarar juya kuɗi. Amsa ce mai sauƙi, amma tana rufe ƙofar bincike, domin ta mai da tarihi hali.

Wannan maƙala za ta gwada wata hanya. Za ta kwatanta Mangawa masu dafa gishiri da kwasar kanwa a ƙasar Muniyo, wadda Gure ce babban garinta, da fataken Hausawa masu sayen kayan su kai kudu, daga ƙarni na 19 zuwa ƙarshen na 20. Abin da ake son nunawa shi ne, bambancin ya samo asali daga abu biyu: irin dukiyar da kowane ɓangare ya riƙe, da kuma wanda ke da ikon yanke hukunci a kan wannan dukiya. Don a auna ƙarfin hujjar, za a ɗora ta a kan wani misali na nesa, wato ƙabilar Ute da baƙin Japanawa a yammacin Amurka.

2.0 Muniyo da Albarkatunta

Gure tana kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Daga nan zuwa Maine-Sorowa ƙasa ce ta tuddan rairayi, a tsakaninsu kuma akwai ɗaruruwan kwaruruka inda ruwa ke kusa da sama. Idan damina ta wuce, ruwan ya ja baya, sai gishiri da kanwa su fito a fuskar ƙasa. Ruwan sama bai isa a dogara ga gero shi kaɗai ba, don haka kwari shi ne rumbu na biyu ga manomi.

A ƙarni na 19 Muniyo tana bin Barno. Lokacin da Heinrich Barth ya yada zango a Gure a watan Disamba na 1852, bisa hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da Muniyoma Koso, sarki mai dawaki da mayaƙa, wanda ke kai gaisuwa ga Shehun Barno. Daga baya, a zamanin Sarki Tanimun (1851 zuwa 1884) da magadansa, Damagaram ta yi ƙarfi ta mamaye Muniyo, sannan Rabe ya rusa Kukawa a 1893. Ayyukan André Salifou (1971), Maïkoréma Zakari (1985) da Paul Lovejoy (1986) su ne ginshiƙin abin da aka sani game da wannan zamani. Abin lura a nan shi ne, iyayen gijin ƙasar sun yi ta sauyawa, amma mai dafa gishiri yana nan a kwarinsa, kuma duk wanda ya hau sai ya karɓi rabonsa a hannunsa.

3.0 Mai Dafa Gishiri

Aikin manda aikin rani ne. Bayan an gama girbi, maza kan bar ƙauyukansu su kafa bukkoki a bakin kwari, ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugaban murhu. A karkaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta a matata, a kwarara mata ruwa, a tari abin da ya tsiyaye. Wannan ruwa shi ake zubawa a ƙananan tukwanen yumɓu da aka jera a kan murhu, a yi ta ƙara wuta ana ƙara ruwan har gishiri ya daskare ya cika tukunya, sannan a fasa ta a fid da curi. Kanwa kuwa ba ta bukatar wuta, kwasa ake yi ko haƙa, a ware ja daban, fara daban.

Dukiyar wannan mutum iri uku ce: ƙarfinsa, gwanintarsa, da damar shiga kwari. Ta ukun ita ce mafi daraja, kuma ita ce ba ya da iko da ita. Kwaruruka suna hannun masu sarauta, su ke ba da izinin aiki, su kuma karɓi kaso daga abin da aka dafa. Bugu da ƙari, ma'aikaci na bukatar hatsin da zai ci tsawon rani tun bai sayar da curi ko ɗaya ba, kuma tilas ya sayar kafin ruwa ya sauka, don damina na kiransa gona. Wanda lokaci ke kora ba ya yin ciniki mai tsawo. Ba shi da jakai da yawa ko takarkarai da zai kai kayansa Kano, inda farashi ya ninka, sai ya sayar a bakin kwari ko a kasuwa mafi kusa.

4.0 Farke

Farke bai mallaki ko taƙi ɗaya a kwari ba. Abin da ya mallaka shi ne dabbobin dako, da jari, da kuma mutane. Ayari yana da madugu da jagaba. A kowane zango akwai fatoma da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Wannan sarƙa ce ta kai kanwar Mangari Kano, da Nufe, da ƙasar Yarabawa, har Gwanja, inda ake komowa da goro. Bukatar kanwa kuwa ba ta yankewa, saboda ana ba dabbobi, ana sa ta a girki da taba da magani, marina da majema ma suna nema.

A nan ne batun hali na gado ke rushewa. Manyan rukunonin fataken Kano uku da Lovejoy (1980) ya yi nazari a kansu su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Na farko da na biyu asalinsu Bugaje ne da suka gangaro daga arewa, na uku kuwa, kamar yadda sunan ya nuna, daga Barno suka fito, wato ƴan uwan Mangawa ne a harshe. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, Ba'agale ne. Ke nan ba Hausanci ne ya mai da su fatake ba. Sun shiga sarƙar fatauci ne, sannan suka zama Hausawa, domin Hausa ce harshen zango.

5.0 Zuwan Turawa

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Ingilishi a 1898 da 1904 da 1906 sun sa kwarurukan gishiri a ɓangaren Faransa, manyan kasuwanninsu kuwa a ɓangaren Ingila. Aka ɗora lanho da kuɗin Faransa, aka kuma ɗora aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, yana ɗauke da farin gishirin Turai. Manda ta samu kishiya mai araha. Kanwa ta fi jurewa, saboda kantin Bature bai kawo abin da zai maye gurbinta ba.

Wannan girgiza ta taɓa ɓangarorin biyu, amma ba daidai ba. Farke ya kwance kayansa ya ɗaura wasu. Jarin da ke sayen kanwa ya koma sayen gyaɗa da fatu da atamfa, fatoma ya zama ɗan kamashon kamfanin Turawa, daga baya jaki ya ba mota wuri. Iyakar da ta raba ƙasa ma ta zama hanyar riba ga mai ɗan'uwa a kowane tsallake, kamar yadda tarihin alhazan Maraɗi ya nuna. Mai murhu kuwa ba ya iya ɗaukar kwarinsa ya kai bakin dogo. Gyaɗar da ta kawo kuɗi a Magarya da Matamaye ba ta samu isasshen ruwa a Gure ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙaro da ƴan dabbobi da cin rani a Nijeriya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara da kashe bisashe da itatuwa, rairayi ya fara tafiya yana binne kwaruruka.

6.0 Misali Daga Amurka: Ute da Japanawa

Don kada a ɗauka wannan tsari na Muniyo ne kaɗai, yana da kyau a duba wani wuri da mai ƙasa da baƙo suka zauna ƙarƙashin gwamnati ɗaya. A jihohin Kolorado da Yuta na Amurka, Ute su ne ƴan asalin ƙasa, mahaya dawaki masu farauta. Yarjejeniyar 1868 ta bar musu kusan sulusin Kolorado ta yamma. Da aka ga azurfa da zinariya a duwatsun San Juan, sai aka karɓe yankin a 1873. A 1879 rikici ya ɓarke a White River bayan jami'in gwamnati Nathan Meeker ya nace sai sun bar dawaki sun kama garma, kuma a 1881 aka kwashe rukunoninsu biyu zuwa Yuta. Dokar Dawes ta 1887 ta ba da damar yanka ƙasar ƙabila gida-gida, abin da ya saura a buɗe shi ga Turawa, kamar yadda aka yi a Uintah a 1905. Sauran filin da ke hannunsu gwamnatin tarayya ce ta riƙe shi amana, don haka ba sa iya jinginar da shi su ci bashi, jami'i ne kuma ke ba da shi haya.

Japanawa sun iso yankin wajen 1900 a matsayin leburorin dogo da ma'adinai da gonakin da ake noma don sukari. Doka ta hana ƴan farkonsu zama ƴan ƙasa har 1952, a Kalifoniya kuma dokar 1913 ta hana su mallakar gona. Sai suka kama hayar gonaki, suka sayi wasu da sunan ƴaƴansu haifaffun Amurka, suka tara jari ta hanyar tanomoshi, wanda shi ne adashinmu, suka kuma kafa ƙungiyoyin kai kayan lambu birane. Sun zo da karatu, domin Japan ta kafa makarantar dole tun 1872. Cikin ƙarni guda jikokinsu suka wuce matsakaicin Ba'amurke a samu, alhali Ute masu ƙasa na fama da talauci.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙarfafa hujjar. A 1950 kotu ta yanke wa Ute diyyar fiye da dalar Amurka miliyan 31 a kan ƙasar da aka karɓe, amma babban sauyi bai zo ba sai da Ute na Kudu suka karɓi ragamar iskar gas ɗin da ke ƙarƙashin ƙasarsu, suka kafa kamfanin Red Willow a 1992. Daga nan suka shiga sahun ƙabilun asali mafi wadata a Amurka. Mutanen su ne dai, ƙasar ita ce dai, abin da ya sauya shi ne hannun da ke sa hannu a takarda.

7.0 Iyakar Kwatancin

Wajibi ne a faɗi inda misalan suka rabu. Ba a kori Mangawa daga ƙasarsu ba, kuma babu katangar launin fata tsakaninsu da Hausawa: addini ɗaya ne, ana auratayya, Bamange na iya zama farke. Haka kuma ba duk farke ne attajiri ba, ƴan koli da masu dako sun fi madugai yawa nesa ba kusa ba.

Sannan dukiya mai tafiya ma tana da nata rauni, domin baƙo yana rayuwa ne bisa yardar mai mulki. A 1942 gwamnatin Amurka ta tsare Japanawa kimanin 120,000 a sansanoni, cikinsu har da Amache a Kolorado da Topaz a Yuta, da yawa suka rasa gonaki da kantuna, kuma ba a biya su diyya ta dalar Amurka 20,000 ga kowane mai rai ba sai da dokar 1988. Fataken Hausawa sun ɗanɗana irin wannan a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, da kuma lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Sai dai wanda jarinsa ke cikin sani da amana yakan sake tashi a wani gari.

8.0 Kammalawa

Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Muniyo mai murhu ya sha hayaƙi, riba kuwa ta rabu tsakanin mai sarautar da ya riƙe kwari da farken da ya riƙe hanya. Zama a kan albarka bai wadatar ba muddin iko da ita, da bashi, da hanyar kasuwa suna hannun wasu.

Wannan ba zancen jiya ba ne kawai. Dokar Code rural ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma tanadi kwamitocin ƙasa masu rubuta haƙƙin kowa. Kwarurukan Gure da suka tsira daga rairayi sun ƙara daraja, saboda ban da kanwa ana noman rogo da rake da kayan lambu, ga dabino da goruba, makiyaya kuma na shayarwa a nan. Duk sunan da aka rubuta a takarda zai daɗe. Don haka ɗalibin da zai shiga wannan fage kada ya tsaya a tambayar wace ƙabila ce ta fi himma. Ya bi buhun kanwa ɗaya daga bakin kwari zuwa kasuwar Kano, ya rubuta wa ya ba da izini, wa ya ba da bashin hatsi, motar wa ta ɗauka, da nawa kowannensu ya karɓa.