Asalin Injin Mota Mai Bawul Goma Sha Shida

A farkon zamanin mota, in maƙera suna son ƙarin gudu, dabararsu ɗaya ce: su ƙara wa injin girma. Haka motocin tsere suka yi ta ƙiba, har kamfanin Fiat na Italiya ya fito da injin mai lita 14, ga nauyi ga shan mai.

Ana nan sai wasu direbobin tsere uku na kamfanin Peugeot a Faransa, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, suka ce su ma a ba su dama su ƙera tasu. Injiniyoyin kamfanin suka raina su, suna ganin direba bai san komai ba sai riƙe sitiyari. Su kuwa suka haɗa kai da wani mai zane ɗan Suwizalan, Ernest Henry.

Abin da suka gano shi ne, ƙarfin injin yana ga numfashinsa. Bawul ita ce ƙofar da iska da fetur ke shiga silinda, hayaƙi kuma ya fita. Da, galibi kowace silinda bawul biyu gare ta, manya masu nauyi, kamshaf kuma, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin, yana can ƙasa. Sai Henry ya ɗora kamshaf biyu a saman injin, ya ba kowace silinda ƙananan bawul huɗu, biyu na shiga, biyu na fita. Da yake ba su da nauyi, sai suka riƙa buɗewa da rufewa cikin hanzari, injin ya samu iska isasshiya, ya yi ta juyawa da sauri.

A 1912, a babban tseren Faransa a Dieppe, Boillot ya ci Fiat da injin lita 7.6 kacal. Shekara na zagayowa Goux ya lashe tseren Indianapolis a Amurka. A Amurkan ma wani maƙeri, Harry Miller, ya samu injin Peugeot a garejinsa don gyara, ya kwance shi, ya nazarce shi, daga nan injinan tsere na Miller da Offenhauser suka samo tushe.

To, duk injin mai silinda huɗu da makanike zai ce maka bawul goma sha shida ne, jikan wancan ne. Direbobin da aka raina su ne suka koya wa duniya cewa dabara ta fi girma.