Katangu Biyu da Suka Tsare Ilmin Zaman Jama'a a Afirka

Gabatarwa

A cikin wannan 'yar maƙala ina so in bi tarihin wata gwagwarmaya da masana na Afirka suka shafe fiye da shekara 50 suna yi. Gwagwarmayar kuwa ta rushe katangu biyu ce. Katanga ta farko ita ce wadda ta raba fannonin ilmi, har ya zama masanin tarihi ba ya jin maganar masanin tattalin arziki, shi kuma ba ya jin ta masanin harshe. Ta biyu ita ce katangar kuɗi, wadda ke hana ɗalibi karanta binciken da aka yi a kan garinsu sai ya biya da kuɗin ƙasashen waje. Zan ɗauki majalisar nan ta bunƙasa binciken ilmin zaman jama'a a Afirka, wato CODESRIA, a matsayin madubi, domin a tarihinta ne katangun biyu suka fi fitowa fili.

Yadda Aka Gina Katangun

Rabe-raben fannoni da muka tarar a jami'o'inmu ba haka nan suka faɗo daga sama ba. A ƙarni na 19 ne jami'o'in Turai suka yanka nazarin ɗan Adam gida-gida. Tarihi ya ɗauki abin da ya wuce, tattalin arziki ya ɗauki kasuwa, ilmin siyasa ya ɗauki gwamnati, ilmin halayyar zaman jama'a kuma ya ɗauki sauran. Waɗannan duk don nazarin Turai aka tanade su. Mutanen da aka yi wa mulkin mallaka kuwa sai aka ware musu wani fanni na dabam, na nazarin al'adun ƙabilu, kamar dai su ba su da tarihi ko tattalin arziki. Wani kwamitin masana da Immanuel Wallerstein ya shugabanta ya bayyana wannan dalla-dalla a rahotonsa na 1996.

Da wannan tsari aka kafa cibiyoyin bincike na farko a Afirka, kamar ta Makerere a Yuganda a 1948 da ta Ibadan a 1950. Ba na cewa ba a yi aikin kirki a wancan zamani ba. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, matarsa Mary Smith kuma ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda aka buga a Landan a 1954. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta ya fito a Kambirij a 1972. Amma mai karatu ya lura da hanyar da ilmin ya bi. Daga bakin manoma da tsofaffi aka karɓo shi, aka haye teku da shi, aka buga shi da Turanci, sa'an nan ya dawo da farashin da 'ya'yan masu shi ba su iya biya.

Katangar kuɗi ita ma tana da nata tarihin. Mujallun ilmi na farko sun fito a Paris da Landan a 1665, kuma shekaru da yawa ƙungiyoyin masana ne suka fi riƙe da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai 'yan kasuwa suka gane akwai riba a ciki. Robert Maxwell ya kafa kamfanin Pergamon a 1951, ya yi ta ƙirƙiro sababbin mujallu, daga baya kamfanin Elsevier na ƙasar Holan ya saye shi a 1991. Tsarin kuwa abin mamaki ne. Malami ya yi bincike da kuɗin jama'a, ya rubuta maƙala ba a biya shi ba, 'yan'uwansa malamai su tace ta kyauta, daga ƙarshe ɗakin karatun jami'arsa ya saye ta da tsada. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ke nan.

Haihuwar CODESRIA

A 1973 aka kafa CODESRIA a birnin Dakar na ƙasar Sanagal. Sakatarenta na farko shi ne Samir Amin, masanin tattalin arziki haifaffen Alƙahira, wanda a lokacin yake shugabantar cibiyar tsara tattalin arziki ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Dakar. Abdalla Bujra na Kenya ya gaje shi, sai Thandika Mkandawire na Malawi, wanda ya riƙe ta har 1996. Claude Ake na Nijeriya da Mahmood Mamdani na Yuganda duk sun shugabance ta, kuma Adebayo Olukoshi, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama sakatarenta a farkon wannan ƙarni.

Abin da ya bambanta wannan majalisa shi ne ba ta tsara aikinta bisa fannoni ba, sai bisa matsaloli. Akan ɗauki batu guda, kamar noma, ko mulkin soja, ko ƙungiyoyin ma'aikata, a tara masana daga fannoni dabam-dabam da ƙasashe dabam-dabam su yi aiki a kansa tare. Ta haka aka karya wata katangar ma, wadda ta raba masu Turanci da masu Faransanci da masu Fotugis da masu Larabci. Mujallarta, Africa Development, wadda ta fara fita a 1976, da Turanci da Faransanci take bugawa.

Don me ake bukatar haɗa fannoni? Mu ɗauki farin da ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, daidai lokacin da aka kafa majalisar. Masanin yanayi zai gaya mana ruwa ya yi ƙaranci. Amma ba zai gaya mana dalilin da ya sa wani gida ya ci abinci, maƙwabcinsa ya sayar da gona ba. Wannan sai an duba haraji, da bashi, da noman gyaɗa da auduga, da yadda gandu yake rushewa. Abin da Michael Watts ya yi ke nan a bincikensa na Kaita ta ƙasar Katsina, wanda ya fito a 1983, inda ya haɗa labarin ƙasa da tarihi da tattalin arziki. Mu ma ɗaliban Hausa muna da hannu a irin wannan aiki, domin sunayen da mutane suka laƙaba wa shekarun yunwa, da waƙoƙin da mata suka yi a bakin turmi, hujjoji ne da ba a samun su a ofishin ƙididdiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kazalika littafin da Ayesha Imam da Amina Mama da Fatou Sow suka shirya wa CODESRIA a 1997 ya nuna cewa duk fannonin nan sun daɗe suna nazarin Afirka ba tare da sun ga matanta ba.

Yunwar Littattafai

Cikin shekarun 1980 sai katangar kuɗi ta ƙara tsawo. Ƙasashen Afirka suka faɗa cikin bashi, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka gindaya musu sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, suna kuma ba da shawarar a fi zuba kuɗi a makarantun firamare maimakon jami'o'i. A Nijeriya gwamnatin Janar Babangida ta fara wannan shiri a 1986. Kafin nan naira ɗaya ta ɗara dala ɗaya daraja, amma a 1987 sai an ba da kusan naira 4 kafin a sami dala. Ɗakunan karatu suka kasa sabunta mujallun da suke saye daga waje. Har yau wanda ya duba kantocin tsofaffin jami'o'inmu zai ga jerin mujallu da yawa sun tsaya cak a waɗannan shekaru. Masana suka kira wannan hali yunwar littattafai. Malamai da dama suka yi ƙaura, waɗanda suka rage kuma suka koma koyarwa da tsofaffin takardu.

A wannan mawuyacin lokaci CODESRIA ta zama mafaka. Ta ci gaba da buga littattafai a Dakar, tana ba ɗalibai masu neman babban digiri ɗan tallafi don su kammala kundayensu. A watan Nuwamba na 1990 ta kira taro a Kampala inda aka fitar da sanarwa kan 'yancin masana da haƙƙin da jama'a suke da shi a kansu. Masu ɗab'i na Afirka su ma suka kafa wata haɗaka a Okusfod a ƙarshen shekarun 1980 don sayar da littattafansu a ƙetare. Duk da haka kai littafi daga Dakar zuwa Kano ko Yamai ya fi kai shi Paris wuya.

Buɗe Ƙofa

Intanet ce ta sauya lissafin. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe wata ma'ajiya mai suna arXiv a Amurka, inda masana kimiyyar lissafi da ta zahiri ke ajiye maƙalunsu kowa ya karanta kyauta. A ƙarshen shekarun 1990 ƙasar Barazil ta kafa SciELO da kuɗin hukumar bincike ta jihar Sao Paulo. A 1998 aka fara AJOL don tattara mujallun Afirka wuri guda, aka mayar da ita Afirka ta Kudu a 2005, ta kuma tara mujallu fiye da 500, da yawansu na Nijeriya ne. A watan Fabrairu na 2002 aka fitar da sanarwar Budafes, wadda ta fayyace manufar buɗaɗɗen ɗab'i: duk mai intanet ya iya karanta binciken masana, ya sauke shi, ya kwafe shi, ba tare da biyan ko sisi ba, muddin ya ambaci mai shi. CODESRIA ta ɗora mujallunta da littattafanta masu yawa a kan intanet kyauta, kuma a 2016 ta shirya taron da ya haifar da sanarwar Dakar kan buɗe ilmi a Afirka da sauran ƙasashe masu tasowa. Hukumar UNESCO ita ma ta amince da shawarwari kan buɗaɗɗiyar kimiyya a 2021.

An Gudu Ba a Tsira Ba

Sai dai 'yan kasuwa ba su kwanta barci ba. Da suka ga mai karatu ya kuɓuce musu, sai suka juya kan marubuci. Yanzu mujallu da yawa kan ce wa malami ya biya kafin a buɗe maƙalarsa ga jama'a. Mujallar Nature ta sanya Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. Ma'ajiyar SSRN, wadda masana ilmin zaman jama'a suka dogara da ita tun 1994, Elsevier ta saye ta a 2016. Wato da can an hana mu karantawa, yanzu kuma ana neman hana mu rubutawa. Bugu da ƙari, wasu 'yan damfara sun buɗe mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tacewa, malaman da ke neman ƙarin girma su yi ta faɗawa tarkonsu. Ita kanta CODESRIA ta daɗe tana dogara da tallafin ƙasashen waje, musamman Suwidin, wanda kuwa yake ci da hannun wani ba shi da tabbacin ƙoshi.

Kammalawa

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne katangun biyu tushensu ɗaya: wani ne can yake yanke abin da ya cancanci a bincika, shi ne kuma yake yanke wanda zai karanta. Ba a taɓa rushe ko ɗaya daga cikinsu da roƙo ba, sai da kafa cibiyoyi na kai. Barazil ta nuna cewa idan hukuma da jami'o'i suka ɗauki nauyin mujallu, marubuci da mai karatu duk za su huta. Saboda haka ina kira ga malamanmu da hukumomin jami'o'inmu da su ware kuɗin riƙe mujallunmu, su kuma ɗora kundayen digiri da ke cin ƙura a sassa bisa intanet. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙa leƙa sashen tarihi da na tattalin arziki da na labarin ƙasa, mu kuma taƙaita abin da muka karanta da harshen da manomin Kaita da na Batagarawa za su ji, tun da daga bakinsu aka fara karɓo shi.