Masu Neman Hamada a Cikin Teku

Yau za mu dubi wani sashe na tarihin ikkilisiya wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Labari ne na waɗansu mutanen ƙasar Ailan, can a ƙarshen yammacin Turai, waɗanda suka shiga teku cikin jiragen fatun shanu fiye da shekara 1,400 da suka wuce. A cikin labarin nan akwai tarihi, akwai kuma almara, sun gauraya kamar shinkafa da tsakuwa. Sai mu zauna mu rege su a hankali.

Daga Masar zuwa Ailan

Tushen abin a Afirka yake. A ƙasar Masar an yi wani mutum mai suna Antoniyus, wanda ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada domin addu'a da azumi, ya rasu a shekara ta 356. Mutane da yawa suka bi sawunsa, labarinsu kuwa ya bazu har Turai. Sa'ad da bishara ta kafu a Ailan cikin ƙarni na 5, masu bi na can suka ji wannan labari, suka yi marmarin irin wannan zama na zuhudu. Amma Ailan ba ta da hamada. Tsibiri ne mai ciyawa shar, ruwan sama ba ya yankewa. Da suka duba kewaye da su, wurin da babu kowa sai teku. Saboda haka suka ce za su nemi hamadarsu a cikin teku.

Ku sani, a Ailan ta wancan zamani mutum da danginsa yake taƙama. Wanda ya fita daga yankin kabilarsa ba shi da mai tsaya masa, har ma akan hukunta mai babban laifi da a sa shi cikin ƙaramin jirgi a sake shi a teku. To, abin da ake yi wa mai laifi shi ne waɗannan mutane suka zaɓar wa kansu da yardar ransu, suna koyi da Ibrahim wanda ya bar ƙasarsa da gidan ubansa.

Shaidar wannan tana nan har yau. Kimanin kilomita 12 daga gaɓar kudu maso yammacin Ailan akwai wani dutse da ya fito daga teku, tsayinsa ya wuce mita 200, ana ce da shi Skellig Michael, watau Dutsen Mika'ilu. Tsakanin ƙarni na 6 da na 8 masu zuhudu suka gina mazauni kusa da ƙwanƙolinsa. Sai an taka matakala wajen 600 kafin a kai. A can akwai ɗakuna 6 masu kama da rumbu, da ƙananan ɗakunan sujada, an jera duwatsunsu ba laka ba siminti, ga su nan tsaye. Mazaunan suna cin kifi da tsuntsayen teku da ƙwansu, suna tara ruwan sama su sha. Sun yi ɗaruruwan shekaru a haka.

Waɗansu suka yi nisa fiye da nan. A shekara ta 563 Kolumba ya haye zuwa tsibirin Iyona a yammacin Sikotilan, ya kafa gidan zuhudu wanda daga baya ya zama cibiyar bishara. Adomnan, wanda ya shugabanci gidan ya kuma rasu a 704, ya rubuta tarihin Kolumba. A ciki ya ba da labarin wani mai suna Kormak, wanda har sau uku yana fita neman hamada cikin teku bai samu ba. A tafiya ta uku iskar kudu ta kora shi arewa kwana 14, har suka shiga wani ruwa inda waɗansu ƙananan halittu suka riƙa dukan fatar jirgin kamar za su huda ta. A littafin nan kuma aka ambaci wani dattijo da ya zo ta teku ya ziyarci Kolumba, sunansa Birandan.

Almarar Birandan

An haifi Birandan wajen shekara ta 484 a yankin Keri, ya kafa gidan zuhudu a Kulonfat, ya rasu wajen 577. Wannan shi ne abin da tarihi ya riƙe. Amma bayan mutuwarsa da shekara 200 ko fiye, wani marubuci da bai sa sunansa ba ya rubuta littafi da Latinanci a kan tafiyar Birandan cikin teku.

Littafin ya ce Birandan ya ji labarin wata ƙasa da aka yi wa tsarkaka alkawari, can yamma. Ya zaɓi almajirai 14, daga baya 3 suka bi su. Suka ɗaura ƙashin jirgi na itace, suka lulluɓe shi da fatun shanu da aka jeme da ɓawon itace, kamar yadda majema ke yi da bagaruwa, suka shafe ɗinkin da kitse. Shekara 7 suna yawo. Suka sauka a wani tsibiri mai fararen tumaki manya ƙwarai, da wani mai cike da tsuntsaye masu raira zabura. A lokacin Ista suka sauka a wani tsibiri fako, suka hura wuta za su yi girki, sai ƙasa ta motsa, ashe bayan wani ƙaton kifi ne. Suka ga wani ginshiƙi mai ƙyalli kamar madubi tsaye a teku. Suka wuce tsibirin maƙera, inda aka jefe su da dunƙulen wuta, teku ta tafasa. Daga ƙarshe suka ratsa hazo mai duhu suka iso ƙasar, suka yi kwana 40 suna tafiya har suka kai bakin wani babban kogi. Nan wani saurayi ya ce musu su koma gida.

Littafin ya karɓu ƙwarai. Kofe fiye da 100 da aka rubuta da hannu sun kai zamaninmu, an kuma juya shi cikin harsunan Turai da dama. Masu zanen taswira suka ɗauki zancen da gaske, suka zana Tsibirin Birandan a tsakiyar Tekun Atlantika. Yana kan taswirar duniya da Martin Behaim ya yi a 1492, shekarar da Kolombus ya haye zuwa Amurka. Har cikin ƙarni na 18 ana tayar da jirage daga tsibiran Kanari, da kuɗi da guzuri, don neman wannan tsibiri. Kowa ya je ya komo hannu rabbana, gama babu shi.

Duk da haka, ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rubuta almarar ya san abubuwan da matuƙan arewa suke gani. Masana da yawa suna ganin ginshiƙin nan dutsen ƙanƙara ne mai yawo a teku, tsibirin maƙera kuwa dutse ne mai aman wuta, irin waɗanda ke ƙasar Aisilan.

Shaidu biyu

Akwai marubuta biyu da ba almara suka yi ba. Na farko Dikwil ne, malami ɗan Ailan da ya yi aiki a fadar sarakunan Faransa. A shekara ta 825 ya rubuta littafi a kan awon duniya. Ya ce arewa da Biritaniya akwai waɗansu ƙananan tsibirai da ake kai wa cikin kwana biyu idan iska ta yi kyau. Masu halwa daga Ailan sun zauna a cikinsu kusan shekara 100, amma 'yan fashin teku daga arewa sun sa an watse, sai tumaki da tsuntsaye suka rage. Bayanin nan ya yi daidai da tsibiran Faro, waɗanda galibin masana suka ce ma'anar sunansu tsibiran tumaki.

Dikwil ya ƙara da cewa shekara 30 kafin nan, watau wajen 795, waɗansu limamai sun faɗa masa sun zauna a wani tsibiri mai nisa tun daga farkon Fabrairu har farkon Agusta. Suka ce a tsakiyar lokacin zafi rana takan ɓuya ne kaɗan kamar a bayan tudu, har mutum ya iya tsince ƙwarƙwata daga rigarsa da tsakar dare. Da suka yi tafiyar yini guda arewa, suka tarar teku ta daskare. Ku lura da zancen ƙwarƙwatan nan. Mai ƙaga labari don a yabe shi ba zai kawo wannan ba. Masana da yawa sun ɗauka Aisilan ake nufi.

Na biyu shi ne Ari, ɗan Aisilan, wanda ya rubuta tarihin mutanensa wajen shekara ta 1130. Kakanninsa daga Nowe suka zo, suka fara zama a tsibirin wajen 870. Ari ya ce sun tarar da waɗansu Kirista da suke kira papar, waɗanda suka tashi don ba su son zama tare da masu bautar gumaka, suka bar littattafai da ƙararrawa da sanduna irin na shugabannin ikkilisiya.

Abin da ƙasa ta nuna

To, gani ya kori ji. Me masu tonon kayan tarihi suka samu? A Faro an daɗe ana cewa mutanen Nowe ne suka fara zama, wajen ƙarni na 9. A shekara ta 2013 masu bincike suka bayyana cewa a tsibirin Sandoy, ƙarƙashin kangon wani gidan mutanen Nowe, sun sami toka mai ɗauke da ƙonannun ƙwayoyin sha'ir. Awon kimiyya ya nuna waɗansu tun tsakanin ƙarni na 4 da na 6 suke. Sha'ir kuwa ba ya zuwa can sai mutum ya kai shi. A 2021 waɗansu suka sami alamun tumaki a cikin lakar gindin wani tafki a tsibirin Eysturoy, na wajen shekara ta 500. Tunkiya ba ta iyo ɗaruruwan kilomita. Wani ne ya ɗauko ta a jirgi. Sai dai toka da laka ba su faɗi sunan kabila ko addinin mai su ba.

A Aisilan akwai ƙaramin tsibiri mai suna Papey, wanda ake danganta sunansa da papar. Kristjan Eldjarn, masanin tono wanda ya zama shugaban ƙasar daga 1968 zuwa 1980, ya yi shekaru yana tono a wurin. Kayan mutanen Nowe ya samu, ba na masu zuhudu ba.

Amurka fa? Waɗansu suna cewa Birandan ya riga Kolombus. A 1960 Helge Ingstad ya gano kangon mazaunin mutanen Nowe a tsibirin Niyufanlan na Kanada, shi da matarsa Anne Stine suka tone shi, binciken 2021 kuma ya nuna an sare itatuwa a wurin a shekara ta 1021. Wannan tabbas ne. Amma ba a sami ko ƙararrawa guda ta masu zuhudun Ailan a wancan ƙetaren ba.

Masu shakka sun ce jirgin fata zai ruɓe cikin 'yan kwanaki. Wani Bature mai suna Tim Severin ya ce a gwada. Ya bi bayanin tsohon littafin, ya ɗinka fatun shanu 49 a kan ƙashin itace mai tsawon mita 11, ya shafe su da maiƙon gashin tumaki. Shi da abokansa suka tashi daga Ailan a watan Mayu 1976, suka bi ta Faro zuwa Aisilan, suka jira sanyi ya wuce. A 1977 suka ci gaba. Ƙanƙara ta huda jirgin, suka ɗinka masa faci suna tsakiyar teku, suka sauka Niyufanlan ranar 26 ga Yuni. Ya tabbatar jirgin fata zai iya. Iyawa dabam, aikatawa dabam, shi kansa bai ce ya tabbatar Birandan ya je ba.

'Yan'uwa, mu da muke wa'azin abin da muka ce ya faru da gaske, bai kamata mu riƙa ƙara wa labari gishiri don ya yi daɗin ji ba. Idan muka tsaya a mimbari muka ce Birandan ya gano Amurka, ranar da ɗanmu ya je jami'a ya tarar babu shaida, zai fara tambayar sauran abin da muka koya masa. Mu kira almara almara, mu ji daɗinta, mu kira tarihi tarihi.

Abin da ya rage bayan an rege ma ya isa. An yi mutane da suka bar gida da dangi, suka shiga teku mai sanyi, fatar sa kaɗai ke tsakaninsu da mutuwa, ba zinariya suke nema ba, ba sarauta ba, sai wurin da za su kaɗaita da Mahaliccinsu. Ko sunayen waɗanda suka ba shi labari Dikwil bai rubuta ba. Ɗakunansu na Dutsen Mika'ilu suna nan, teku tana dukan gindin dutsen dare da rana, sunayen yawancin mazaunansu kuwa Allah kaɗai ya sani.

Ubangiji ya ba mu son gaskiya, ya ba mu zuciyar da ke nemansa ba don a san da mu ba. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya.