Kitsen Jini da Alamomin Kumburi Wajen Hasashen Mutuwa a Gazawar Zuciya: Bahasi Game da Majinyatan New Bell, Duwala

Sanannen abu ne ga ma'abota ilmin likitanci cewa yawan kitsen jini, wato kolastarol, yana toshe jijiyoyin zuciya. Amma idan zuciyar ta riga ta gaza, har ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi ƙunci, sai hukuncin ya juya, domin Horwich da abokansa a Amurka cikin 2002, sa'an nan Rauchhaus da jama'arsa a Landan cikin 2003, sun tarar da cewa majinyatan da kitsen jininsu ya yi ƙasa su ne ajali ya fi saurin riska.

Malamai sun yi saɓani a kan sababin wannan al'amari. Wasu sun jingina shi ga rama da ƙin abinci da cunkoson jini a hanta. Rauchhaus da Coats da Anker kuwa, a mujallar Lancet ta 2000, sun kawo ta'alilin da ya fi gamsar da mu, cewa idan ruwa ya taru a bangon hanji sai dafin ƙwayoyin cuta ya tsallaka cikin jini, kitsen jini shi ne ke ɗaure dafin, saboda haka idan ya ƙaranta sai kumburi ya ruru, sinadarin TNF, wanda Levine ya nuna hauhawarsa a irin waɗannan majinyata tun 1990, ya ci gaba da cin tsoka. Gwajin CORONA na 2007 kuwa ya rage kitsen masu gazawar zuciya da maganin rosuvastatin, amma bai rage mace-mace ba.

Sai dai ƙiyasin Duwala a kan Landan yana bukatar hattara. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya tattara majinyata 1,006 daga ƙasashen Afirka tara, har da Kamaru da Nijeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne babban sababi, toshewar jijiyoyi kuwa kaɗan ce. Ga Hausawa akwai ƙarin mas'alar gazawar zuciyar masu jego, wadda Davidson da Parry suka bayyana a Zariya cikin 1978, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego. A Soweto kuma Sliwa ta ga, cikin 2006, cewa a wannan cuta kitsen jini yana raguwa gwargwadon hauhawar CRP, wato alamar kumburi a jini.

Ra'ayinmu shi ne likitan asibitin New Bell ko na Laquintinie kada ya yi wa mai kumburin ƙafa albishir don kitsen jininsa ya sauka, sai dai ya haɗa awon da na CRP da nauyin jiki. Wajibi ne kuma ya fara kore zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, domin kowannensu yana ɗaga CRP, yana kuma saukar da kitsen jini, ko da zuciya lafiya lau take.