Sarkin da Ya Bi Jakin Jeji, Bai Dawo Ba

Idan talaka ya fita farauta bai dawo ba, 'yan uwansa ne za su shiga daji nema. To idan sarkin babbar daula ne fa, ga dakaru ga bayi, amma ko gawarsa ba a gani ba? Abin da ake faɗa game da Bahram na Biyar kenan, sarkin daular Sasaniyawa ta Farisa, wanda ya yi mulki daga shekarar 420 zuwa 438.

A garin Hira na ƙasar Iraƙi ta yau Bahram ya tashi, a hannun sarkin Larabawa Munziru. Ya yi suna da farauta har aka yi masa laƙabi da "Gur", wato jakin jeji da Farisanci. Dabba ce mai gudun tsiya, tana kai kusan kilomita 70 a awa. Abin mamaki, kalmar tana kuma nufin kabari a harshen.

Labarin ƙarshensa iri uku ne. Ɗabari, mai tafsirin nan da ka sani, ya kawo a littafinsa na tarihi cewa Bahram ya bi jakin jeji a yankin Mah, yammacin Iran, sai ya afka wani rami mai zurfi ya nutse. Mahaifiyarsa ta zo da dukiya mai yawa, ta sa aka yi ta kwashe laka har ta taru tsibi-tsibi, ba a same shi ba. Nizami, a littafin Haft Paykar na 1197, kogo ya ce sarkin ya shiga yana bin dabbar. Firdausi kuwa, a Shahnama da ya kammala a 1010, cewa ya yi a kan gadonsa ya mutu cikin barci. Ka lura, Ɗabari da ya riga su duka a 923 ya rasu, kusan shekara 500 bayan aukuwar abin.

Yanzu bari mu auna labarin lakar da ma'aunin kimiyya. A 2005 Daniel Bonn na Jami'ar Amsterdam da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature kan yashi mai haɗiye mutum, kuma samfurin da suka duba daga wani tafkin gishiri kusa da birnin Ƙum na Iran ya fito. Cakuɗe ne na yashi da yumɓu da ruwan gishiri. Yana nan kamar ƙasa mai tauri, kana taka shi sai ya narke. Amma mudu ɗaya nasa ya ninka mudu ɗaya na jikin mutum nauyi kusan sau biyu, don haka iyakarka ka nutse zuwa ƙugu. Fitar ce aiki: zaro ƙafa da hanzari na buƙatar ƙarfin da zai ɗaga mota. Kenan irin wannan taɓo yana riƙe mutum, har ya kashe shi idan ba agaji, amma a fili yake barin gawa. Rami mai ruwa mai zurfi ne kawai zai iya ɓoye ta.

Ga kuma siyasa. Mahaifin Bahram, Yazdagird na Ɗaya, ya mutu a 420, wai wani doki ne ya fito daga marmaro ya harbe shi, sannan ya ɓace. Masana tarihi da dama na ganin manyan fada ne suka kashe shi, aka rufe da tatsuniya. Su ne dai suka kashe ɗansa Shapur, suka naɗa wani daban, sai da Bahram ya zo da rundunar Larabawan Hira ya karɓi gadon. Shi ya sa wasu ke zargin shi ma hakan aka yi masa: a daji, nesa da idon jama'a, wa zai ba da shaida?

Abin da ya tabbata shi ne a 438 ɗansa Yazdagird na Biyu ya hau mulki. Sauran kuwa, duk lokacin da ka ji an ce ƙasa ta haɗiye wani babba, ka tambaya: wa ya fara ba da labarin, bayan shekara nawa, kuma wa rashin gawar ya amfana?