Premiata Forneria Marconi: Makaɗan Rock na Italiya

Premiata Forneria Marconi, wadda aka fi sani da PFM, ƙungiyar makaɗa ce da aka kafa a birnin Milan na Italiya a farkon shekarun 1970. Sunan kansa aro ne daga wani gidan burodi a garin Chiari, kusa da Brescia. Mutum biyar ne suka fara: Franz Di Cioccio a kan ganga, Franco Mussida da jita, Flavio Premoli da fiyano, Giorgio Piazza da jitar bas, sai Mauro Pagani mai goge da sarewa.

Salon da suka bi, wato progressive rock, a Ingila aka haife shi: dogayen waƙoƙi masu sauya taki, ana gauraya rock da kiɗan gargajiyar Turai. PFM ba su tsaya ga kwaikwayo ba, sun zuba masa zaƙin karin waƙar ƙasarsu. A 1972 kaɗai suka fitar da faifai biyu, Storia di un minuto da Per un amico. A na farkon ne waƙar Impressioni di settembre take, wadda na'urar kiɗa ta Moog ce ke ɗauke da amshinta maimakon muryar mutum, abin da kunnen Italiyawa bai saba ji ba a lokacin.

Daga nan makaɗin Ingila Greg Lake ya ja su zuwa kamfanin faifai na Manticore, marubucin waƙa Peter Sinfield ya rubuta musu baitoci da Ingilishi, aka fitar da Photos of Ghosts a 1973. Faifan ya shiga jerin Billboard na Amurka, suka yi rangadi can da kuma Japan. Sun yi suna, amma gaskiya Ingilishin bai zauna a bakinsu ba.

Babban abin da suka bari a gida yake. A rangadin 1978 zuwa 1979 sun mara wa mawaƙi Fabrizio De André baya, suka sake wa tsofaffin waƙoƙinsa tsarin kiɗa. Kafin nan, mawaƙan da ke ji da kalma da makaɗan rock kowa harkar gabansa yake yi, sai wannan haɗin ya nuna ana iya tafiya tare. De André ya ci gaba da amfani da tsare-tsaren nasu a wasanninsa. Pagani kuwa, wanda ya bar ƙungiyar tun kafin rangadin, shi ya haɗa kai da De André suka yi Crêuza de mä a 1984, da harshen mutanen Genoa.

Membobi sun sha sauyawa. Di Cioccio da Patrick Djivas, mai jitar bas da ya gaji Piazza, su ne suka riƙe ƙungiyar tsawon shekaru bayan haka.